Tseren keke da agogo: inda mahayi ke samo ƙarin gudu

Tseren agogo reshe ne na gasar keke wanda mahayi ke fita shi kaɗai, ya bi hanyar da aka auna tsawonta, a ƙidaya masa lokacin da ya ɗauka daga tashi zuwa isa. Ana sallamar masu tseren ɗaya bayan ɗaya, da tazarar minti ɗaya ko biyu a tsakani, kuma wanda lokacinsa ya fi gajarta shi ne gwani, ko da bai haɗu da kowa a hanya ba. Doka ta hana mutum ya laɓe a bayan wani domin ya kare masa iska. Idan ya cim ma wanda ke gabansa, sai ya ratse gefe ya wuce.

Wannan hanin ne ya raba shi da tseren taro. A can, wanda ya maƙale a bayan ayari yakan huta da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da na gaba ke kashewa, saboda haka mai wayo yana iya kayar da mai ƙarfi. A tseren agogo babu wannan mafaka, shi ya sa Faransawa suka yi masa laƙabi da tseren gaskiya.

Asalinsa

A Ingila ya samo asali, kuma tilas ce ta haife shi. A 1890 ƙungiyar masu keke ta ƙasar ta hana mambobinta yin tsere a kan titunan jama'a, domin 'yan sanda da masu keken doki ba sa ƙaunar ganin ayarin matasa suna sheƙa gudu. Wani mahayi mai suna F. T. Bidlake ya samo mafita: idan kowa ya fita shi kaɗai, wa zai ce tsere ake yi? A 1895 aka gudanar da irin wannan gasa ta mil 50. Mahaya kan fito da asubar fari, sanye da baƙaƙen kaya don kada su ja hankali, kuma ana kiran hanyoyin da lambobin sirri maimakon sunayen garuruwa. Har gobe ana amfani da waɗannan lambobi a Birtaniya, inda ƙananan ƙungiyoyi ke shirya tseren mil 10 da mil 25 a lokacin bazararsu, ma'aikata su tashi daga ofis su je su gwada kansu. A irin wannan fage ne Beryl Burton ta yi mil 277.25 cikin awa 12 a 1967, ta zarce bajintar da maza suka kafa a wancan lokaci.

Gasar Tour de France ta shigar da tseren agogo na mutum ɗaya a 1934, gasar duniya kuma ta ware masa kambunsa a 1994. A watan Satumban 2025 aka yi gasar duniya a Kigali ta Ruwanda, karo na farko a Afirka, inda Remco Evenepoel na Beljiyam ya lashe shi sau uku a jere, har ya cim ma Tadej Pogačar, wanda aka sallama minti biyu da rabi kafin shi, ya wuce shi a hanya.

Iska ce babbar abokiyar gaba

Abubuwa uku ke riƙe keke: nauyi idan ana hawan tudu, gugar taya da ƙasa haɗe da ta sarƙa, sai kuma iska. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, da zarar gudu ya kai kilomita 40 a awa, kusan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na ƙarfin mahayi a kan ture iska yake ƙarewa. Kuma iska ba ta ciniki da adalci. Idan aka ninka gudu sau biyu, turjiyarta na ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da ake buƙata domin a keta ta kuma sau takwas. Wanda ke tafiyar kilomita 30 a awa, yake son ya kai 40, sai ya samar da fiye da ninki biyu na ƙarfin da yake yaƙar iska da shi.

Daga wannan lissafi ake gane inda riba take. Mahayin da ya ƙara wa ƙafafunsa ƙarfi da kashi 10 cikin 100 zai samu ƙarin gudun da bai wuce kashi 3 da ɗoriya ba, wato kimanin minti biyu a tseren kilomita 40 da ake yi cikin awa guda. Ga wanda ya daɗe yana atisaye, wannan kashi 10 aikin shekara ne ko fiye. Amma idan ya rage girman abin da iska ke bugawa a jikinsa da kashi 10, minti biyun nan dai zai samu, kuma ana iya cim ma hakan cikin 'yan makonni ta hanyar gyaran zama da sutura. Duk wanda ya taɓa hawan keke da babbar riga a ranar hunturu ya san darasin nan a jikinsa, ko da bai san lissafinsa ba.

Ranar 23 ga Yuli, 1989, duniya ta ga hakan ƙarara. Zangon ƙarshe na Tour de France a shekarar tseren agogo ne na kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris. Laurent Fignon na Faransa yana gaban Greg LeMond na Amurka da daƙiƙa 50, tazarar da masana suka ɗauka ba za ta ciku a gajeriyar hanya irin wannan ba. LeMond ya fito da wasu sanduna da aka ɗaura a mariƙin kekensa, waɗanda ke ba shi damar ɗora gwiwar hannu ya miƙa hannuwa gaba a haɗe, ga hular kwano mai tsini ta baya. Fignon ya fito kai ba hula, gashinsa a ɗaure yana lilo, hannuwa a buɗe a mariƙi, ga kuma gyambon sirdi yana damunsa. LeMond ya yi gudun kilomita 54.5 a awa, ya fi shi da daƙiƙa 58. Bayan makonni uku da fiye da kilomita 3,000, daƙiƙa takwas suka raba su, kuma ba a taɓa samun tazara mai ƙanƙanta haka a tarihin gasar ba.

Akwai shaidar da ta fi wannan tsabta, domin mutum ɗaya ne a fili ɗaya. A bajintar awa guda, mahayi na zagaya filin tseren keke na tsawon minti 60 a ga nisan da zai kai. Eddy Merckx ya yi kilomita 49.431 a birnin Meziko a 1972 da keke na gargajiya. A 1996 Chris Boardman na Birtaniya ya yi 56.375 a Manchester, da keke na zamani da wani salon zama na miƙe hannuwa can gaba, wanda Graeme Obree ɗan Sikotlan ya ƙirƙiro. Da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta salon, Boardman ya koma filin nan a 2000 da keke irin na Merckx, ya yi 49.441. Mita 10 kacal ya ɗara Merckx. Gaskiya ne shekaru huɗu sun ƙaru a kansa kuma yana dab da ritaya, amma tsufan shekara huɗu ba ya cinye kusan kilomita bakwai. Mafi yawansu iska ce ta karɓe. Sai a 2022 Filippo Ganna na Italiya ya wuce wancan adadi na 1996, da kilomita 56.792 a Grenchen ta Suwizalan.

Gyaran zama

Jikin mahayi, ba kekensa ba, shi ke ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu na turjiyar iska. Saboda haka gyara daga jiki yake farawa. Abin da ake nema shi ne baya ya kwanta kusan daidai da ƙasa, gwiwoyin hannu su matso juna, kafaɗu su tsuke, kai ya nutse tsakaninsu kamar na kunkuru, idanu kuma su ci gaba da kallon hanya. Gwiwoyin ƙafa su riƙa hawa da sauka kusa da firam, kada su buɗe waje. Sandunan ɗora hannu da ake ɗaurawa a mariƙin keken tsere na yau da kullum su ne sayayya mafi riba a wannan fanni, domin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na sabon keke, kuma mahaya da yawa kan samu ƙarin kilomita ɗaya ko biyu a awa da su.

Sai dai akwai iyaka, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin kuskure. Idan aka sunkuya fiye da kima, cinya na matse ciki, numfashi ya taƙaita, ƙarfin taka feda ya ragu. Mahayin da ya zaɓi zaman da ba zai iya jurewa ba yakan riƙe shi minti goma, sannan ya fara ɗagowa yana miƙe baya, kuma kowace ɗagowa tana mayar da abin da sunkuyon ya tara. Zaman da ya ɗan fi tsayi amma aka riƙe shi daga farko har ƙarshe ya fi wanda ya yi kyau a hoto. Shi ya sa ƙwararru a 'yan shekarun nan suka karkata ga tsuke kafaɗu da ɗaga tafin hannu kusa da fuska, maimakon ƙara sauke mariƙi ƙasa. Matso da sirdi gaba kaɗan yana buɗe kusurwar ƙugu, ko da yake a gasar da UCI ke kula da ita akwai ƙa'idar inda bakin sirdi zai tsaya. Ana yin sauyi ɗaya a lokaci guda, da 'yan milimita, a hau mako ɗaya ko biyu kafin a ƙara wani.

Bayan zama sai sutura. Riga mai kama jiki wadda ba ta da tattara ko aljihu a buɗe tana rage lokaci fiye da yadda ake zato, haka ma hular kwano mai santsi wadda ta dace da yadda mutum ke riƙe kansa. Hula mai dogon tsini tana amfani ne idan tsinin ya kwanta a gadon baya. Ga mai yawan sunkuyar da kai, tsinin kan miƙe sama ya zama abin tare iska. Abin ya kai har UCI ta ƙayyade tsawon safa, kada ta wuce rabin ƙwauri, saboda an gano cewa wasu yadudduka sun fi fatar mutum sulɓi a cikin iska.

Keken kansa shi ne na ƙarshe a wannan jeri, duk da shi ya fi cin kuɗi. Wilin baya da aka rufe ruf kamar faifai yana taimakawa, kuma Francesco Moser ne ya fito da martabarsa lokacin da ya yi kilomita 51.151 a 1984. Wilin gaba mai faɗin baki yana da amfani, amma iska mai bugowa daga gefe tana iya fizgar sa. Rage nauyin keke ba ya ƙara wani abin kirki a hanyar da ba tudu. Abin da ke ƙarawa, kuma kusan kyauta, shi ne sarƙa mai tsabta da aka shafa wa mai daidai, birkin da ba ya gugar wili, da taya mai laushin roba. Tsohuwar al'adar cika taya da iska har ta zama kamar dutse ta tabbata kuskure ce a kan kwalta mai kaushi, domin keken yakan riƙa tsalle-tsalle yana zubar da ƙarfi.

Rabon ƙarfi a hanya

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne tashi da wuta. Mahayi na kan layi, zuciya na bugawa, ƙafafu ba su gaji ba, sai ya yi mintuna uku na farko da ƙarfin da ba zai iya riƙewa ba. Jiki na da wani mizani wanda idan aka haura shi gajiya ke taruwa da sauri fiye da yadda ake kawar da ita, kuma bashin da aka ci a mintunan farko da ruwa ake biyan sa a sauran hanya. Ƙa'idar da masu horarwa ke bayarwa ita ce kashin farko na tseren ya zama kamar an rage wani abu, na tsakiya ya yi nauyi, na ƙarshe kuma a zazzage duk abin da ya saura. Wanda ya iso layi da sauran ƙarfin yin rugugin gudu, ya yi rowa a hanya.

Wannan ba ya nufin a taka da ƙarfi ɗaya ko'ina. Inda keke ke tafiya a hankali, wato a hawan tudu ko gaban iska, can ne ƙarin ƙoƙari ya fi biya. A ɗauki hanyar kilomita 10 zuwa, 10 dawowa. A zuwa iska na gaba, gudu 30 a awa, minti 20 ke nan. A dawowa iska na baya, gudu 50, minti 12. Jimilla minti 32, wanda ke nuna matsakaicin gudu 37.5 ne, bai kai 40 ba, domin an fi daɗewa a ɓangaren wahala. Idan mahayi ya ƙara kilomita ɗaya a awa a zuwa, ya ceci daƙiƙa 39. Idan a dawowa ya ƙara, daƙiƙa 14 kawai ya samu. Don haka ake ɗan haura mizani a tudu da gaban iska, a ɗan sassauta a gangara. Kalmar "ɗan" tana da muhimmanci a nan, domin wanda ya ƙone kansa a tudu ba zai iya tayar da gudu a samansa ba, alhali nan ne ake son a sauya giya a ci gaba da takawa har keke ya ɗauki saurinsa.

Yawancin gwanaye na juya feda sau 85 zuwa 100 a minti. Giya mai nauyi da ake takawa a hankali tana ba mutum jin cewa yana aiki, amma tana saurin kashe cinya. Sanin hanya ma gudu ne: wanda ya bi ta kafin ranar gasa ya san kwanar da za a sha ba tare da taɓa birki ba, da inda rami yake.

Horon jiki

Duk dabarar keta iska ba ta maye gurbin ƙafa. Abin da tseren agogo ke aunawa shi ne ƙarfin da mutum zai iya riƙewa na tsawon kusan awa guda. Tun ƙarshen shekarun 1980 akwai na'urar da ake ɗaurawa a keke tana nuna wannan ƙarfi da ma'aunin wat, kuma manyan gwanayen duniya kan riƙe sama da wat 400. Hanyar gwaji da ta shahara ita ce a yi minti 20 da iyakar ƙoƙari, a ɗauki kashi 95 cikin 100 na matsakaicin abin da na'urar ta nuna a matsayin mizani. Wanda ba shi da na'urar yana iya dogara da agogon bugun zuciya, ko da numfashinsa: a kan mizani, mutum na iya furta kalma biyu ko uku, amma ba zai iya hira ba.

Atisayen da ya fi ɗaga wannan mizani shi ne a yi minti 20 dab da shi, a huta minti biyar zuwa goma ana takawa a hankali, a sake wani minti 20. A wata ranar kuma a yi gajeru masu zafi, kamar minti huɗu sau biyar da hutu a tsakani. Kwana biyu na irin wannan a mako sun isa. Sauran hawan ya zama mai sauƙi kuma mai ɗan tsawo, domin a lokacin hutu da barci ne jiki ke gina abin da atisaye ya nema. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke da awa shida a mako zai ci gaba sosai idan ya tsare wannan tsari wata da watanni, fiye da wanda ke fita kullum yana gudun da bai kai mai zafi ba, bai kuma zama hutu ba. Wajibi ne a riƙa yin wani kaso na atisayen a cikin zaman tseren kansa, saboda tsokar da ta saba aiki a miƙe ba ta ba da ƙarfinta duka a sunkuye. A makon gasa ana rage yawan hawa, a bar ɗan zafinsa.

A ranar kuma, a ci abinci mai sitaci kamar awa uku kafin tashi, a ɗumama jiki na minti 20, a iso layi da ɗan gumi. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sauƙin ketawa, haka ma iskar wurare masu tudu, dalilin da ya kai Merckx da Moser birnin Meziko ke nan, mai tsayin fiye da mita 2,200. Amma zafin da ya wuce kima yana karya mahayi kafin ya amfane shi. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, hawan sassafe ne kawai mai ma'ana. Awon nauyi kafin fita da bayan dawowa yana nuna ruwan da aka rasa, kowane kilo ɗaya kimanin lita ɗaya.

Game da abin da ake sha don ƙarin kuzari, kofi halal ne a dokar wasanni, domin an cire sinadarinsa daga jerin haramtattu tun 2004. Tramadol kuwa UCI ta hana shi a gasa tun 2019, kuma saboda shi aka soke sakamakon Nairo Quintana na Kolombiya a Tour de France ta 2022. Yana dusashe zafin ciwo, yana kuma kawo jiri da raunin hankali ga mutumin da ke gudun kilomita 50 a awa.

Haɗarin da ke cikin zaman

Zaman da ya fi keta iska shi ne kuma ya fi nisanta hannu da birki, ya fi jarabtar mutum ya sunkuyar da kai. Ƙwararru ma ba su tsira ba. Chris Froome ya karye a wurare da dama a 2019 yayin da yake duba hanyar tseren agogo a Faransa, bayan iska ta fizge shi ya bugi bango. A Janairun 2022 Egan Bernal, wanda ya taɓa lashe Tour de France, ya afka wa bas da ke tsaye a Kolombiya yana atisaye a kan keken tseren agogo, ya sha tiyata a ƙashin baya da ƙafa. A titin da ake haɗa hanya da manyan motoci, babura, masu a-daidaita-sahu da dabbobi, ba a ɗora hannu a sandunan nan sai inda ido ke ganin nesa kuma babu mahaɗa.

Auna ci gaba

Tunda agogo ne alƙali, mai son ya san ko yana gaba sai ya samu hanyarsa ta gwaji: kilomita 8 zuwa 16, marar cunkoso, wadda za a je a dawo ta kanta domin tasirin iska ya ragu. A riƙa hawanta a lokaci ɗaya na safiya, sau ɗaya cikin mako uku ko huɗu, a rubuta lokaci, yanayin iska, abin da aka sa da abin da aka sauya a keke. Idan aka sauya hula da sirdi da taya a rana ɗaya, ba za a san wanne ya yi aiki ba. Lokacin da aka samu a watan Janairu, iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas, ba a kwatanta shi da na safiyar damina da iska ta kwanta. Sai a jira wata rana mai kama da ita. A Birtaniya, alamar da mahayi na ƙungiya ke fara kafa wa kansa ita ce mil 10, wato kilomita 16, cikin ƙasa da minti 30. Bayan ta sai mil 25, kimanin kilomita 40, cikin ƙasa da awa guda.